Sinkin Inna da yoyo uku: inda foti ya yi aiki, inda kuma sai silikon

Wake ne ya tona asirin yoyon. Rabin buhu ne Inna ta tura ƙarƙashin sinki bayan kaka, wai nan ɓera ba ya shiga tunda akwai ƙofa, ranar da ta janyo shi za ta ɗebi na alale sai ga gindin buhun ya yi baƙi, waken ƙasa ya kumbura wani har ya fara tsiro. Tun daga kicin ta ƙwala min kira, "Auta zo ka ga aikin da kuka yi min." Ni da Yaya take nufi, alhali ni ko sisina babu a aikin, kawai dai ni ne a gida shi yasa komai a kaina yake ƙarewa.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Taura, ba nisa da Gujungu. Yaya a Kano yake aiki, shi ya haƙa mana bohol mai sola a gida, aka ɗora tankin roba mai lita 2000 a kan ƙarfe, aka ja fayif zuwa banɗaki da wani ɗan kicin da ya gina wa Inna saboda ciwon gwiwa ya hana ta tsugunnon wanke-wanke. Sinkin na farin ƙarfe ne irin wanda ba ya tsatsa, an zaunar da shi a kan kanta ta siminti mai tayil, ƙasa aka sa ƙofar katako. Wanda ya yi aikin daga birni aka turo shi, kwana biyu ya yi ya tafi, daga baya ma lambarsa ta daina shiga.

Da na leƙa da fitilar waya ƙasan duk a jiƙe yake, ƙofar ta sha ruwa ta kumbura har ba ta rufuwa sosai, kyankyasai sun samu masauki. Abin da ya fi tayar min da hankali gara ce, don in ta ji danshi a katako to sai dai a sayi wani. A ranar na kuma lura gindin tanki ma yana ɗiga daidai inda fayif ya fito, ɗis, ɗis, har ƙasan wurin ya yi kore, agwagin maƙota sun mayar da shi majalisa.

Akwai wani yaro a garin mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa da injin ban-ruwa, yana da hannu gaskiya, wannan ba zan hana shi ba. Ya zo ya duba yace ai ƙaramin abu ne, silikon kawai za a sa. Ran Lahadi da na ci kasuwar Gujungu na sayo guda ɗaya, irin dogon nan da ake sa wa a bindiga a matsa. Yaron ya zagaye rariyar sinkin da shi ta sama, ya kwanta ya lafta ta ƙasa a jikin noti, ya bi layin da sinki ya haɗu da bango, abin da ya rage ya hau ya shafe gindin tanki da shi. Duk wuraren nan a jiƙe suke, da gefen rigarsa kawai ya ɗan goge. Kicin ya ɗau wani wari mai tsami kamar ruwan khal har yana hawa ido. Yace a bar shi zuwa yamma. Inna kuwa yamma a wurinta la'asar ce, ana sallamewa ta zuba kwanuka.

Na tanki ko kwana bai yi ba, ruwa ya yi masa ƙurji ta ciki ya ɓullo ta gefe. Na sinki ya kai kwana huɗu, ranar na biyar na kama bakinsa da farce na ja, ya taso gaba ɗaya kamar saɓar maciji, ƙasansa sharkaf.

Na tura wa Yaya hoto ta WhatsApp. Shi kuma Yaya mutumin YouTube ne, cikin dare ya turo min bidiyon wani Bature ɗan Amurka yana murza wani abu fari-fari a tafin hannu yana naɗa wa rariyar sinki, da saƙon murya, "Auta silikon ɗin nan shirme ne, foti ake sawa, ka shiga Ringim gobe ka nemo." Toh. Shagon farko da nace foti sai mai shagon ya ɗauko min na masu sa gilashin taga. Na biyu ya ba ni wani ɗan sanda mai kala biyu, yace a yanka a murza har kalar ta haɗe, yana toshe komai har tankin mota. Na ga ai shi ma murzawa ake kamar na bidiyon, na biya na taho. Allah ne kawai ya taimake ni ban shafa shi a daren ba, na dawo a gajiye nace sai da safe, da safen kuma wani abokin aikina a makaranta ya ba ni lambar wani dattijon filamba a Ringim, wanda ya yi shekaru yana aikin manyan gine-gine a Kano da Abuja kafin ya dawo gida.

A bayan babur na ɗauko shi da jakarsa. Ya gaisa da Inna, ya sha ruwa, na miƙa masa abin da na sayo ina jin na yi abin kai. Ya juya shi ya kalle ni, yace "Malam da ka sa wannan da sai dai mu sayi sabon sinki." Ashe sunan ne ɗaya, kayan daban-daban. Na masu gilashi a hankali yake bushewa ya yi tauri. Na masu gyaran jikin mota shi ma daban. Wanda na sayo efoksi ne, kana haɗa kalolin biyu ya fara aiki, kafin awa ɗaya ya zama dutse, ranar da rariyar ta lalace sai guduma da kurfi. Fotin filamba kuwa sirrinsa shi ne ba ya kamawa kuma ba ya ƙanƙarewa, haka yake zama da laushinsa.

Abin da ya burge ni da Baban nan, kusan rabin awa bai taɓa sifana ba. Ya sa na goge ƙarƙashin sinkin tas da tsumma, ya yago takardar buhun siminti ya shimfiɗa a ƙasa. Ya toshe sinkin ya tara ruwa rabi, ya rufe famfo, muka zauna. Kafin minti 10 tsakiyar takardar ta fara nuna ɗigo, daidai saitin rariya. Yace ɗaya kenan. Ya canza takarda ya saki ruwan ya wuce, ya bi mahaɗan fayif ɗin ƙasa da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a bushe suke, yace waɗannan ba ruwansu. Sai ya ɗebi ruwa a kofi ya tsiyaya a hankali a layin da sinki ya jingina da tayil ɗin bango, yace in leƙa. Ga ruwa nan yana bin bango ta ciki yana sauka, inda buhun waken yake jingine. Biyu kenan. Na tanki na uku.

Daga nan ya yi min tambayar da har yanzu ita nake yi wa kaina in na ga yoyo. Yace "Malam kafin ka sayi komai ka tambayi ruwan. A matse yake tsakanin abu biyu da noti ya ɗaure? Ko fantsama yake a kan tsaga da ke fili? Ko kuwa turo shi ake da ƙarfi?" Yace na farko wurin foti ne ko washa, wato zoben robar da ake sawa a matse, na biyu wurin silikon, na uku kuma foti da silikon duk babu mai iyawa.

Da ya kwance rariyar sai ga ainihin laifin. Irin waɗannan rariyoyin da washa biyu suke zuwa, siririya da ke zama a sama tsakanin leɓen rariya da jikin sinki, da mai kauri ta ƙasa. Ta ƙasan tana nan, ta saman babu ita sam, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Wato tun ranar farko yake tsatsafo, duk abin da aka lafta daga waje kwalliya ce kawai, ruwan ta ƙarƙashin leɓen yake bi. Kankare ragowar silikon ɗin yaron nan shi ya fi cin lokaci, da reza da soson ƙarfe, Baba yana yi yana ƙunƙuni, wai yaran yanzu sun mayar da silikon kamar farasitamol, ciwon kai shi ciwon ciki shi.

Sannan ya ciro wata 'yar roba mai murfi a ƙulle cikin leda biyu, ragowar wani aiki ce da ya yi a Abuja. Na taɓa, laushinsa kamar ƙullin fulawa da ya sha murza, yana barin ɗan maiƙo a yatsa. Ba wani abin mamaki ba ne a ciki, garin farar ƙasa ne da yumɓu aka kwaɓa da mai, yawanci man linsid. Ya gutsuro kamar girman ƙwan zabo, ya murza a tafin hannu har ya yi ɗumi, ya mirgina shi ya zama igiya mai kaurin fensir, ya zagaye ƙarƙashin leɓen rariyar ya haɗe bakin biyu. Ya zaunar da ita a ramin ya danna da babban yatsa, ni na riƙe ta sama kar ta juya, shi ya kwanta ya mayar da washar ƙasa ya ɗaure noti. Yana ɗaurewa fotin yana fitowa ta gefe a zagaye kamar ana matsa ƙuli, yace in duba ko akwai inda bai fito ba, in akwai to nan ba a cike ba. Ko'ina ya fito. Ya sa yatsa ya kwashe rarar ya mayar cikin robarsa, ko ɗigo bai yar ba. Nan take ya toshe ya cika sinkin har baki, sabuwar takarda a ƙasa. Muka ci abinci muka yi azahar muka dawo, takarda a bushe ƙarau.

Ana cikin haka Yaya ya kira, na sa a sifika. Abin dariya, mutumin da ya ce silikon shirme ne yanzu kuma ya kalli wani bidiyon ya juya, wai "Baba anya fotin nan zai jure zafin Jigawa? Na ji an ce bushewa yake ya tsage, kuma Inna tafasasshen ruwa take juyewa a ciki." Maganarsa ba ta banza ba ce gaskiya. Foti in ya shekara da shekaru man jikinsa yana ƙarewa ya bushe, mu kuma nan a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ga sinkin siririn ƙarfe ne, ruwan zafi na taɓa shi za ka ji ya yi ƙara yana motsi. Silikon roba ne, yana bin motsi ya dawo, zafin tafasasshen ruwa ba ya yi masa komai. Baba bai musa ko ɗaya ba. Yace "Alhaji duk biyun suna yi a wannan wurin, in silikon kake so sai in kwance in sa, amma ta ƙarƙashin leɓe, a kan ƙarfe busasshe, kuma awa 24 ba mai buɗe famfo. Ka tambayi Hajiya in za ta iya." Inna daga tsakar gida tace ita kar a sa ta a ciki. Kowa ya gane amsar.

Dalilinsa na biyu shi ya fi shiga kaina. Yace rariyar nan ba mai tsada ba ce, ba za ta yi tsawon ran sinkin ba, wata rana dole a canza ta. In foti ne, kai da kanka ka kwance noti ka turo ta da hannu ta fito, ka goge ka sa sabuwa. In silikon ne ya kama ta sosai sai an bi da reza ana ɓanɓara, siririn sinki irin wannan garin ɓanɓara ake lanƙwasa bakin ramin, daga nan kuma ba abin da zai ƙara zama daidai. Mutumin birni filamba yana bayan layinsu. Mu kuwa sai an yi waya, an tura babur, an biya kuɗin mai zuwa da dawowa, to gara abin da ɗan gida zai iya gyarawa. Ni a ganina wannan ne ya yanke hukuncin, ba wai foti ya fi silikon ƙarfi ba, don bai fi shi ba.

Yaya yace to shi ma zai nemo ya sa a kicin ɗinsa na Kano. Baba ya tambaye shi kantar ta mece ce, yace giranait. Yace a'a kar ka fara, man da ke cikin foti yana shiga dutse irin giranait da mabul ya bar zoben tabo da ba ya fita, sai dai in ka samu wanda aka yi musamman marar tabo. Haka besin ɗin banɗakin Inna da rariyarsa ta roba ce, ya duba yace a bar ta da washarta, man foti yana lalata wasu robobin a hankali. Kuma tunda fotin filamba ba kasafai ake samunsa a shagunanmu ba, yace in ban samu ba kar in wahalar da kaina, washa daidai girman ramin ta wadatar, in ita ma babu sai siririn silikon da haƙurin kwana ɗaya.

Tanki bai ɗau dogon bayani ba. Robar da ake yin tankunan nan da ita, foliyetilin, silikon ba ya kama ta, santsi gare ta kamar an shafa mata mai. Ga ruwa mai zurfin fiye da mita ɗaya yana danna wurin dare da rana, tankin kuma yana buɗewa in ya cika yana komawa in ya ragu. Foti kuwa da ba ya manne komai ruwan zai ture shi ne kawai. Muka juye ruwan a durom da bokitai, maƙota suka kwashi rabonsu, aka zura ɗan yayata ta murfin sama ya riƙe notin ciki yana ta dariya muryarsa na amsa-kuwwa. Washar ce ta tsage saboda an ɗaure ta fiye da kima. Aka sa sabuwa, aka naɗa farin tef ɗin zare a haƙoran fayif, shikenan.

Saura layin bango. Nan Baba yace ba wurin foti ba ne ko kaɗan, ba abin da ya matse shi, soso zai kwashe shi cikin sati, abin da ya rage ya tara datti. Silikon ne maganinsa, amma ba irin wanda na sayo ba. Mai warin tsamin nan asid yake fitarwa lokacin da yake bushewa, a kan gilashi da tayil mai sheƙi lafiya lau, amma ba ya shiri da siminti da mabul, yana kuma cin tagulla da kwanon rufi. Namu layin rabinsa simintin bakin tayil ne. Yace a nemo wanda ake ce wa nutural, in da hali na banɗaki mai maganin fumfuna, kuma a duba kwanan wata a jikinsa don silikon yana da wa'adi, yawanci kamar shekara ɗaya, wanda ya kwana biyu a shago cikin zafi ko ya daskare a ciki ko ka shafa ya ƙi bushewa. Yaya ya sayo a Ƙofar Ruwa ya ba direba a tasha.

Wani abu da ban taɓa sani ba, ashe silikon ba iska ce ke busar da shi kamar fenti ba, danshin da ke cikin iska yake ja ya nuna, daga waje zuwa ciki. Samansa yana yin fata cikin minti 10 zuwa 20 shi yasa mutane ke ɗauka ya gama, alhali cikin ɗanye ne, kauri milimita 2 zuwa 3 sai ya ci awa 24. Mu kuma lokacin tsakiyar hunturu ne, iskar da ke fasa leɓe da dunduniya, danshin ma ina yake. Baba yace in ba shi kwana biyu. Wato yaron nan mai gyaran famfo laifi uku ya haɗa, ya shafa a kan jiƙa, ya shafa inda ba nan ruwan ke bi ba, ya kuma ce zuwa yamma.

Kwana biyu ba wanke-wanke a kicin ɗin Inna kuwa sai da dabara. Na jira har aka tashi bikin 'yar ƙanwarta a Gumel, motarsu na tashi na shiga aiki. Na kankare tsohon tas don sabo ba ya kama tsoho da kyau, na goge da sifirit, na bar ƙofa a buɗe wuni guda wurin ya bushe har cikin tsagar. Washegari na manna tef ɗin takarda layi biyu, ɗaya a tayil ɗaya a sinki, na yanke bakin robar a karkace ƙarami, na ja a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Hannuna na rawa, a tsakiya ya yi tudu kamar kunyar dankali, na tsoma yatsa a ruwan sabulu na bi sau ɗaya ya kwanta, na cire tef ɗin tun yana ɗanye. Na ajiye baho da ruwa a gefe ko iskar ɗakin ta ɗan yi laima, na kulle kicin na sa makullin a aljihu saboda yaran gida. Kusurwar hagu ta ɗan yi kauri, duk wanda ya duba zai san ba gwani ne ya yi ba.

Yanzu bazara ta wuce, damina ta wuce, mun sake shiga wani sanyin. Sau ɗaya cikin zafi na ga alamar laima a jikin notin rariya, na ƙara masa kwata ɗin juyi da sifana, wani ɗan siririn foti ya sake fitowa ta sama na share, tun daga nan shiru. Layin bango yana nan, sai ɗan baƙi-baƙi a kusurwar hagun nan inda ruwa ke kwanciya, Inna tana bin shi da tsohon buroshi. Ƙofar katakon dai ba ta tsira ba, gara ta riga mu, an canza ta da ta ƙarfe. Efoksin da na sayo bisa kuskure na toshe gindin bokitin ƙarfen da ake ba awaki ruwa da shi, ya kama kamar walda. Ragowar fotin da Baba ya gutsura min yana cikin gwangwanin madara a ƙulle da leda a saman durowar Inna, ta rubuta masa dokar kar wanda ya taɓa, wake kuma ya koma rumbu.